Ci-ranin da ba a dawowa: yadda Najeriya ke rainon ƙwararru, wasu ƙasashe na cin moriyarsu

Bahaushe ba baƙon tafiya neman abin kansa ba ne. Da an gama girbi, an kai hatsi rumbu, sai samari su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Kano ko Ikko ko Fatakwal, kamar yadda kakanninsu suka riƙa nufar Gwanja fataucin goro. Ba a koke-koke a tasha, domin kowa ya san da zarar hadarin farko ya haɗu a gabas za a ga sun fara sauka daga mota ɗaya bayan ɗaya. Dagaci bai kafa musu dokar dawowa ba, kuma ba wanda ya riƙe musu takarda. Gona ce ke kiransu, saboda akwai aikin da ke jiran hannunsu, akwai kuma amfanin da suka tabbata nasu ne.

Ci-ranin da ake yi yanzu ya sha bamban. Masu tafiyar likitoci ne, da ma'aikatan jinya, da malaman jami'a, da injiniyoyi, da matasan da suka iya sarrafa kwamfuta. A kudu suna kiran abin "japa", kalmar Yarabanci mai nufin arcewa, kuma mafi yawansu ba su da ranar dawowa a zuciya.

Na fara jin nauyin lamarin a jikina ranar da na raka goggona asibiti. Tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma shekara da shekaru babban likita ɗaya take gani, har ya san sunayen jikokinta. Mun fita bayan sallar asuba don mu kama layi, amma ba mu shiga ba sai gab da azahar. Muka tarar da wani matashin likita shi kaɗai, fayil-fayil sun yi tsiri a gabansa, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Goggo ta dube shi, ta dubi kujerar da ta saba ganin mutuminta a kai.

"Likita, ina maigidan naku?"

"Hajiya, ai ya tafi Saudiyya tun bayan ƙaramar Sallah."

"Umara ya tafi?"

"A'a Hajiya, aiki ya samu can."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya sa ya dace. To mu kuma wa ya bar wa?" Yaron ya ajiye bironsa ya ce, "Mu ma tambayar da muke yi ke nan, Hajiya. A hannunsa nake koyon aiki."

Wannan amsa ita ce gundarin maganar. Idan ana lissafin waɗanda suka fice, kawuna ake ƙirgawa: mutum kaza sun tafi, mutum kaza sun rage. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata, kuma waɗanda ke da lasisin aiki ba su wuce 55,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Adadin kaɗai ya isa tayar da hankali. Sai dai kawunan ba nauyi ɗaya gare su ba. Babban likitan da ya shekara goma sha biyar yana fiɗa, in ya tafi, ya tafi da majinyatansa na gobe, ya kuma tafi da likitoci goma ko ashirin da da a hannunsa za a yaye su. Duk wanda ya zauna a maƙera ko garejin kanikawa ya san wannan. Yaro na iya gudu a samu wani, amma ranar da maigida ya rufe rumfa, sana'ar ce ta bar unguwar. Ilimin hannu ba ya shiga littafi gaba ɗaya. Sai an tsaya kusa da wanda ya iya, an ga yadda yake riƙe wuƙa, an ji inda yake cewa "dakata".

Ciwon kuma tsoho ne. Tun bayan da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube, manyan likitoci da farfesoshi suka fara kwarara Saudiyya da Amurka da Ingila, har gwamnatin ta kafa kwamiti a kan lamarin a 1988. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne sauri da yawa. Lissafin mai sauƙi ne. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, ba a daɗe ba dala ta haura naira 1,500. Ma'aikacin da ke ɗaukar naira 300,000 a wata, wanda a da albashinsa ya kai kimanin dala 650, ya wayi gari yana karɓar abin da bai fi dala 200 ba, alhali bai rage ko awa ɗaya a aikinsa ba. Kuɗin makarantar yara, maganin tsofaffi, buhun shinkafa, duk sun bi dala sun hau. Mutumin da ke da takardar da Landan ko Riyad za su karɓa, da wane baki za ka ce masa ya zauna?

Amma duk wanda ya zauna da waɗanda suka tafi zai ji cewa albashi rabin labarin ne. Sauran rabin shi ne takaicin iya abu a hana ka yin sa. Ka san cutar, ka san maganin, na'urar ta lalace tun bara, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, dangin majinyaci suna waje suna neman jini da kuɗin safar hannu. Ga kuma raini da ke fitowa a cikin ƙananan abubuwa: shekaru masu yawa alawus ɗin hatsarin aiki na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata, har cikin annobar korona, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi. Ga tsoro. A watan Disambar 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikatan asibitin ido na tarayya da ke Kaduna suka sace wata likita, ta shafe kusan wata goma a hannunsu, har likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yajin aiki a kanta. A jami'o'i kuwa, ƙungiyar ASUU ta yi yajin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022. Ɗalibin da ya kamata ya gama a shekara shida sai ya kwashe takwas, malaminsa kuma ya yi watanni ba albashi, yana cike takardun neman aiki a waje.

A can ɗaya gefen kuma ƙofa a buɗe take. Ƙasashen Turai da Kanada mutanensu na tsufa, masu kula da su sun yi ƙaranci. Birtaniya ta fito da biza ta musamman don ma'aikatan lafiya a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashe 55 da ta ce bai kamata a je farautar ma'aikatan lafiyarsu ba, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki, amma jerin bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ta intanet ba. Sakamakon shi ne talaka mai biyan haraji a Najeriya yake ɗaukar nauyin karatun likitan da zai je ya kula da tsofaffin Manchesta.

Akwai masu cewa ba asara ba ce. A 2019 Chris Ngige, yana ministan ƙwadago kuma shi kansa likita, ya ce Najeriya na da rarar likitoci, masu son tafiya su tafi, ai za su aiko da kuɗi. Batun rara dai ba ya bukatar dogon musu, layin asibiti ya isa amsa. Batun kuɗi kuwa yana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba: 'yan Najeriya mazauna waje suna aiko da abin da ya kai dala biliyan 20 a shekara, kuma gidaje da yawa da shi suke ci, da shi suke biyan kuɗin makaranta. Sai dai kuɗin da ɗa ya aiko daga Ingila ba zai yi wa uwarsa tiyata a Gusau da ƙarfe biyun dare ba. In ciwon ya yi tsanani, kuɗin nan ne za a sake kwasa a kai Alƙahira ko Indiya, ya koma inda ƙwararrun suke.

Da hankali ya tashi, abin da ya fara zuwa wa mahukunta shi ne tare hanya. A watan Afrilun 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana likitan da ya yi karatu a Najeriya cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. A 2024 hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta fito da sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance wa mutum takardunsa don aiki a waje. Ni ban ga laifin a ce wanda jama'a suka ɗauki nauyin karatunsa ya biya su da aiki ba, wannan adalci ne. Inda nake da ja shi ne a yi tsammanin igiya kaɗai za ta wadatar. Ana iya tilasta wa doki zuwa rafi, ba a iya tilasta masa shan ruwa. Likitan da aka ɗaure shekara biyar a asibitin da ba wuta ba magani zai yi shekarun yana ƙirga kwanaki, ranar da wa'adi ya cika kuma ko sallama ba zai tsaya yi ba.

Ƙasar Tailan ta bi ta wannan hanya, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1960 sababbin likitocinta da yawa suna gamawa suke wucewa Amurka. Gwamnati ta wajabta aikin shekara uku a asibitocin gwamnati, wanda ya ƙi ya biya tara. Amma ba ta tsaya nan ba. A farkon shekarun 1980 ta dakatar da faɗaɗa manyan asibitocin birane ta juya kuɗin zuwa gina asibitocin gundumomi, ta yi wa ma'aikata gidaje, ta sa alawus mai tsoka ga wanda ke aiki a lungu. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1990, ta fara ɗebo ɗalibai daga karkara, tana horar da su a asibitocin yankunansu, tana mayar da su garuruwansu. Dabarar ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni, domin ta gane abin da ɗan ci-rani ya sani tuntuni: mutum ya fi zama inda cibiyarsa take.

An gwada irin wannan a Arewa, kuma ya kamata a riƙa tunawa da shi. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya har da Barno, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, waɗanda sakamakon jarrabawarsu bai kai ba, a yi musu shekarar share fage, sannan su shiga makarantun jinya da ungozoma bisa alkawarin komawa garuruwansu. Mai gari da iyaye da miji duk da saninsu ake yi. Ungozomar da mahaifiyarta ke bayan asibitin, 'ya'yanta ke makarantar allon unguwar, ba ta cika neman biza ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu fiye da ko'ina, domin mu zubewar tamu hawa-hawa ce. Kafin a kai ga Landan, ma'aikaci ya bar ƙauye ya koma babban birnin jiha, ya bar aikin jiha ya koma na tarayya inda albashi ya fi, daga nan Abuja ko Legas. Yankin da sai a zamanin Dokta Barau Dikko ya samu likitansa na farko, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta yi ta faman cike masa giɓi, shi ne yau ke asara a kowane hawa.

Maganar ba ta likitoci kaɗai ba ce, kuma a nan ne take haɗuwa da arzikin ƙasa kai tsaye. A farkon shekarun 1960 Koriya ta Kudu matalauciya ce ƙwarai, abin da ɗan ƙasa ke samu a shekara bai kai dala 200 ba. Ita ma ta yi nata ci-ranin, ta tura masu haƙar kwal da ma'aikatan jinya Jamus ta Yamma. A 1966 gwamnatin Park Chung-hee ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta KIST. Shugabanta na farko, Choi Hyung-sup, ya bi 'yan ƙasarsa masana har Amurka yana lallashinsu. Bai iya biyansu abin da Amurka ke biya ba, amma ya ba su albashin da ya ninka na malaman jami'o'in gida, da gidaje, da ɗakunan bincike masu kayan aiki, da 'yancin gudanar da aikinsu ba tare da ma'aikatan gwamnati sun tsoma baki ba. Mafi girma, ya ba su aikin da ake jira: masana'antun ƙasar ne ke kawo matsalolinsu ana warwarewa. Kamfanin ƙarfe na POSCO, da aka kafa a 1968, ya fara narka ƙarfe a 1973. Taiwan ma haka ta yi. Ta buɗe dandalin masana'antun fasaha na Hsinchu a 1980, ta gayyato Morris Chang bayan ya shafe shekara 25 a kamfanin Texas Instruments na Amurka, a 1987 ya kafa TSMC, wanda yau shi ke kan gaba a duniya wajen ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi da kwamfutoci. Injiniyoyin Taiwan da suka daɗe a Kalifoniya suka riƙa dawowa da ƙafarsu, saboda damina ta sauka a gida.

Sai a ɗora wannan kusa da Ajakuta. An fara ginin kamfanin ƙarfen a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka tura 'yan Najeriya masu yawa koyon aikin a waje, suka dawo da iliminsu. Babbar tukunyar narka ƙarfen ba a taɓa hura ta ba. Mutanen nan suka tsufa suna jira, wasu suka yi ritaya, wasu suka rasu da abin da suka koyo a cikinsu. Haka masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano: da suka durƙushe saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje, masu gyaran injin da masu haɗa rini da suka shekara ashirin suna aikin suka koma acaba da tireda. Waɗannan ba su hau jirgi ba, amma ƙasa ta rasa su kamar yadda ta rasa wanda ya tafi Kanada. Ƙwarewar da ba a aiki da ita tsatsa take yi, kamar fartanyar da aka manta a bayan ɗaki.

Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da duk shirin da ya tsaya a kan yawan waɗanda za a horar. Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 yana da burin koya wa matasa miliyan 3 fasahar zamani, kuma niyyar mai kyau ce. Jihohi irin su Kano sun kashe maƙudan kuɗi wajen tura ɗalibai karatu waje, wasu jihohin Arewa kuma sun yi ta tura 'yan mata karatun likita Sudan kafin yaƙin 2023. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, ranar da suka dawo, ina za su ajiye jakarsu? Asusun TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, da kansa ya kai ga dakatar da tura malamai karatu waje, kuma cikin dalilan da ya bayar, ban da tsadar dala, har da yadda wasu ke ƙin dawowa. Abin da ya fi ciwo shi ne, a ƙasar da ake kukan ƙarancin likitoci, sabon likita na iya yin watanni yana neman gurbin aikin shekarar farko, asibitin tarayyar da mutum biyar suka bari kuma sai ya jira izini daga Abuja kafin ya maye gurbinsu. Ga kuma "wa ka sani", wadda ke kashe zuciyar mai ƙoƙari fiye da ƙarancin albashi. Matashin da ya ga an ba ɗan wane kujerar da shi ya cancanta ba ya bukatar wani ya nuna masa hanyar filin jirgi.

Akwai kuma raina aikin hannu, wanda mu da kanmu muke yi. Je wurin da ake ginin babban gida a Abuja ko Kano ka tambayi mai shimfiɗa tayil ko mai yin silin daga ina yake, sau da yawa za ka ji Togo ko Kwatano, alhali samarin unguwar na zaune a bakin titi da takardun digiri. Matatar man Dangote ma, da ake ginin ta, sai da ta ɗauko ƙwararrun ma'aikata da yawa daga Indiya da wasu ƙasashe. Mun shekara muna fifita mai digirin jami'a a kan mai babbar difloma ta kwalejin fasaha, a albashi da ƙarin girma, sannan muna mamakin yadda kowa ke gudun kwalejin. Amma shiga kasuwar Panteka a Kaduna ka ga yadda ake ƙera injin niƙa da na casar shinkafa daga tarkacen ƙarfe, yara na kewaye da maigida suna miƙa masa sifana. Makaranta ce sukutum, wadda ta daɗe tana yaye mutane ba tare da takardar da wani kamfani zai karɓa ba.

A watan Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya amince da wata manufa ta ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta yi maganar kyautata yanayin aiki, da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗibar mutanenmu, da sauƙaƙa wa na waje hanyar dawowa. An kuma ƙara yawan ɗaliban da makarantun likitanci da na jinya za su riƙa ɗauka. A takarda, an kama hanya. Amma tun 2001, a Abuja ɗin nan, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma kasafin tarayya ya fi yawan tsayawa a wajen kashi 5. Ƙara ɗalibai kuma, in malaman na ci gaba da tafiya, cika aji ne da yaran da ba mai kama musu hannu. Da ni ake shawara, da kuɗin farko ya tafi wajen riƙe waɗanda ke koyarwa: babban likitan asibitin koyarwa, malamar makarantar ungozoma, injiniyan da ke da almajirai, a ba su gida da tsaro da kayan aiki da albashin da ba sai sun yi yajin aiki kafin ya fito ba. Waɗanda suka riga suka tafi kuma a daina yi musu kallon maciya amana. Wanda zai iya zuwa wata biyu a shekara ya yi fiɗa ya koyar, a buɗe masa ƙofa ba tare da an gajiyar da shi da yawon ofis-ofis ba.

Bayan wata huɗu na sake kai goggo. Matashin likitan nan yana nan, ya ƙara ramewa, amma ya gane ta, har ya tambaye ta ko ta rage shan shayi da suga. Da ya sunkuya zai ɗauko takardar magani, na hango wani littafi mai kauri a cikin aljihun teburinsa, irin wanda ake karantawa don jarrabawar samun lasisin aiki a Ingila. Ya ga na gani. Bai ɓoye ba, bai kuma ce komai ba.

Goggo ta karɓi takardarta, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗana, wata uku ka ce in dawo ko?"

Ya ce, "Wata uku, Hajiya."

"Zan same ka?"

Ya ɗan jima yana kallon fayil ɗin da ke gabansa kafin ya ce, "In Allah ya yarda, Hajiya."